HANNUN DA YA ƘI BUƊEWA

Shafi na 17

Masu cewa na ɓace, ban ɓace ba, rezon waya ne ya ɓace kwana uku. Ke kuma da kika rubuto cewa Dokta Raishatu ta fiye tsanani, karanta wannan tukuna, sai mu yi magana.

*

Rapor ɗina, rahoton zaman jiya, yana kan teburin Dokta Raishatu, amma ba shi take kallo ba. Ni take kallo.

Wata huɗu ke nan muna istaj, wato koyon aiki, a hannunta a nan Tanut, ni da Abdulmajid. Tana koya mana jinyar zuciya ta hanyar magana, da kuma ipnoz, natsuwar nan mai zurfi da mutanen gari ke kira barcin likita. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Shirunta ne abin tsoro.

"Zuhaira, karanta mini layin ƙarshe."

Na ɗauki takardar. "Marar lafiya ta firgita a tsakiyar zama, aka dakata."

"Ta firgita."

"E, Dokta."

"Haka kawai? Ba iska, ba hadari, sai tsawa?"

Na sunkuyar da kai.

Hawa ce marar lafiyar, daga wani ƙauye a kwarin Tarka. Wata bakwai hannunta na dama yana dunƙule, tun ranar da mijinta ya rasu. An kai ta Damagaram an ɗauki hoto, ƙashi lafiya, jijiya lafiya. An sha rubutu, an yi turare, hannu ya ƙi. Jiya ne Dokta ta fara barina da ita ni kaɗai, minti ashirin, in koya mata sassauta jiki kawai. Ba a yi minti goma ba Hawa ta kurma ihu, ta fita a guje ba takalmi.

Yanzu ga wan mijinta, Malam Jibrin, can gindin bishiyar bedi da ƙunshin kayansu a ɗaure. Motar Belbeji za ta tashi bayan azahar, ya kuma rantse a cikinta Hawa za ta koma gida. In ta shiga motar nan, mun san ba za mu sake ganinta ba.

Abdulmajid ya gyara zama. "Dokta, ni na san abin da ya faru. Muryar Zuhaira ta ji. Mu ma wata huɗu muna nemanta ba mu samu ba, ranar da ta fito dole a gudu."

Dokta ta ɗan murmusa, ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

"Da me kika shigar da ita natsuwa?"

"Da numfashi."

"Sannan?"

"Sannan... saukar nan."

A littafin da muke bi, an ce a sa mutum ya ga kansa yana sauka matakalar bene, taki goma, kowane taki jikinsa na ƙara saki. Tun makon farko Dokta ta ce mana matar da ba ta taɓa hawa bene ba, kada mu ɗora mata bene. Mu nemo abin da ta sani.

"Na san ba ta san bene ba," na ce. "Sai na canza."

"Da me?"



"Na ce mata ta ga kanta a bakin rijiya. Igiya a hannunta, tana zura guga a hankali. Gaba ɗaya, gaba biyu, sanyi na tasowa..."

Dariyar Abdulmajid ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Rijiya? Zuhaira, rijiya kika ce mata?"

"Na ɗauka wuri ne mai sanyi. Ta gidan kakata a Birni..."

"Ta gidan kakarki gaba nawa ce?"

"Shida. Ko bakwai."

"Wannan ai randa ce." Shi ɗan Tenhiya ne, a bayan raƙuma ya tashi kafin lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi. "Tamu gaba arba'in ce. Raƙumi ke jan wasaki, gugan fata, sai ya yi tafiya har ka daina jin ƙararrawarsa kafin ruwa ya iso baki. Ba gidan da rijiya ba ta ci wa mutum ba. Kin san yadda mijin Hawa ya rasu?"

Na girgiza kai.

"Yasar rijiya ya shiga."

Na dafa teburi.

"Abdulmajid, ya isa," in ji Dokta. Ta jawo kujerarta ta zagayo, ta zauna kusa da ni har gwiwarmu na taɓa juna. "Yana cikin dosiyenta, takardun jinyarta, shafi na biyu. Kin karanta?"

"Na farko kawai na duba. Na ce ai sassauta jiki ne kaɗai."

"Ba ki tambaye ta ba kuma."

"Na ji nauyi, Dokta. Mace ta fita takaba kwanan nan, in tsare ta da tambayar yadda mijinta ya mutu..."

"Kunya."

"E."

"Kunyar nan, wa ta kare? Ita ko ke?"

Hawaye ne suka amsa.

Ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta miƙo mini gefen gyalenta.

"Canza bene da kika yi, tunani ne mai kyau. Kuskuren, ke kika zaɓa mata wurin. Wurin natsuwa ba a ba mutum shi, tambayarsa ake yi. Wannan ana gyarawa. Wanda ba na gyarawa shi ne rapor mai rami a tsakiya. In kika ɓoye mini, da me zan taimaki Hawa?"

"Ki cire ni daga istaj ɗin, Dokta."

"Ga sauƙi! Ki tafi gida ki yi kuka, ki bar ni da ɓarnar? A'a, ƴata. Ni ma ina da nawa kason, ni na bar ki ban tabbatar kin karanta ba. Tashi ki wanke fuska. Muna da awa biyu."

*

Malam Jibrin bai tashi ba da ya gan mu. Dogo ne, rawaninsa ya rufe haɓa, wuƙa a kube ɗaure a damtsensa kamar yadda mazan daji ke yi. Hawa na gefe a kan tabarma, ta naɗe hannun cikin zane kamar jariri.

Dokta ta cire takalmi ta zauna a ƙasa. Likita guda, da farar rigarta, a kan rairayi.

"Malam Jibrin, an kwana lafiya? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mun gode da ɗawainiya. Tafiya za mu yi."

"Hakkinka ne. Amma kafin nan, yarinyata na da magana da Hawa."

Ban san za ta yi haka ba. Na durƙusa.

"Yaya Hawa, jiya na kai ki inda bai kamata ba. Ban tambaye ki ba, ban kuma karanta takardarki ba. Laifina ne, ba ciwonki ne ya ƙaru ba. Ki yafe mini."

Hawa ta ɗago ta dube ni. Karo na farko ke nan da na ga ƙwayar idonta.

"Ashe kina magana da ƙarfi," ta ce.

Abdulmajid ya juya baya, yana danne dariya.

"Yafiya ta Allah ce," in ji Malam Jibrin. "Amma Hajiya, ni fa abin nan naku ban gane masa ba. Mun kawo hannu, kun koma kan kai. Ko dai aljani ne, ku faɗa mana mu san inda za mu nufa."

"Kana da raƙuma?"

"Akwai ƴan kaɗan."

"In raƙumi ya taɓa zurmawa a wani rami, ya karye, ya warke, in ka sake biyo da shi nan fa?"

"Ko ka kashe shi ba ya wucewa."

"Alhali ramin an cike shi."

"Shi bai san an cike ba."

"To, a cikin kan kowannenmu akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwallon aduwa ba. Aikinsa gadi. Yana da saurin ji, amma bai san jiya da yau ba. Mai gadin Hawa har yanzu yana tsaye a ranar nan, yana ba hannu umarni. Aikinmu mu lallaɓa mu gaya masa gari ya waye."

Malam Jibrin ya shiga zane a ƙasa da tsinke. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"An ce kuna sa mutum barci, ku kwashe duk abin da ke cikinsa. Ya faɗi abin da bai yi niyya ba."

"Ƙarya ake mana. Ba barci ba ne ma. Tana jin komai, tana iya tashi duk lokacin da ta so, kamar yadda ta tashi jiya. Ba mai iya ciro magana daga bakin da bai so ba. Da ina iyawa, ai da na fara da wannan." Ta nuna ni da haɓa.

Ya yi ƴar dariya. Amma ni ba dariyar na lura da ita ba. Kafaɗunsa na gani sun sauka, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka ce masa ba gidansa ne ya kama wuta ba.

Na riƙe wannan a raina.

"Zuwa kiran azahar," ya ce. "Ana kira, muna tafiya."

"Hawa za mu tambaya," in ji Dokta. "Hawa, kina so?"

Hawa ta daɗe tana kallon zanen da ke hannunta.

"In ba rijiya."

"Ba rijiya. Na yi miki alkawari."

*

Mu uku muka shiga, Abdulmajid ya tsaya wajen Malam Jibrin. Dokta ta ture kujeru gefe ta shimfiɗa tabarma. Ta ce da ni in zauna inda Hawa za ta gan ni, in kuma buɗe kunne.

"Hawa, ba sai kin rufe ido ba. Gaya mini, a duk duniya ina ne in kin zauna kike jin ba abin da zai same ki?"

"Babu."

"Da can fa? Kina yarinya?"

Shiru. Da ni ce, da tuni na cike shirun da wata tambaya. Dokta ta bar shi ya yi tsawonsa.

"Gindin rumbun innata," Hawa ta ce a hankali. "In an gama sussuka."

"Da safe ko da yamma?"

"La'asar. Inuwa ta faɗo gabas."

"Me kike ji a wurin?"

"Kaji na tsince-tsince. Inna na sheƙa, ƙaiƙayi na tashi yana shiga wuya." Bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. "Tana faɗa wai mun zauna kamar sarakai."

Daga nan Dokta ba ta ƙara ko kalma ɗaya tata ba. Kalmomin Hawa ta riƙa mayar mata, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana jera su daidai da fitar numfashinta. Inuwar da ta faɗo gabas. Kajin. Ƙaiƙayin a wuya. In Hawa ta ja numfashi, sai ta yi shiru. In ta saki, sai ta ajiye kalma. Na karanta wannan a littafi sau ba adadi, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Ban san haka yake ba sai yau. Kamar mai tatsar saniyar da ke harbi: ba ƙarfi, ba gaggawa, hannu dai ya san lokacinsa.

Idon Hawa ya lumshe da kansa. Kafaɗarta ta sauka.

Na jira in ji an ce ta buɗe hannu. Kowa abin da yake ce mata ke nan wata bakwai. Malamai sun ce, likitoci sun ce, an ma taɓa sa mata cokali a tsakanin yatsu.

Dokta ta dubi dunƙulen hannun kamar mai gaida babba.

"Sannu da aiki," ta ce masa. "Wata bakwai kana riƙe, dare da rana, ba wanda ya ce maka sannu. Kowa faɗa yake maka. Ni ban zo in ce ka saki ba. Riƙe abinka."

Hawaye suka gangaro wa Hawa, ido a rufe.

"Sai dai in akwai yatsa ɗaya da ya gaji, yana iya ɗan hutawa a inuwar rumbun nan. Sauran huɗun su riƙe masa. In ya huta ya koma."

Ba abin da ya faru.

Na ƙirga numfashi goma sha ɗaya. A waje wani jaki ya yi kuka.

Sai ƙaramin yatsan ya yi rawa.

Ya ɗaga kamar faɗin ƙwayar gero. Ya tsaya. Ya ƙara ɗagawa, a karkace, da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Fatar ƙasansa fara fat, farcen ya bar rami a tafin hannu.

Na toshe bakina da gyale.

Zanen ya zame, na kuma ga abin da ban gani ba jiya don ban duba ba: wani tabo da ya zagaye wuyan hannun, baƙi, mai kauri, sawu biyu kamar an naɗa wani abu an ja.

Dokta ma ta gani. Ta dawo da Hawa a hankali, ta ce ta ji tabarma a ƙarƙashinta, ta ji zafin ɗakin, ta buɗe ido in ta shirya. Ta ba ta ruwa a moɗa. Ta tambaye ta sunan garin da muke, da abin da ta karya da shi da safe.

"Tanut. Kunu." Hawa na kallon yatsanta kamar baƙo. "Likita, ya tashi."

"Ya tashi. Ya isa na yau."

"Ban saki ba," in ji Hawa.

Dokta ta ajiye moɗar.

"Hawa, yanzu idonki biyu, kin sani?"

"Na sani."

"Ba dole ki faɗi komai. Abin da kika faɗa a ɗakin nan kuma ba ya fita sai da izininki."

"Na gaji da riƙewa." Ta juyo gare ni, ban san dalili ba. "Ƙanwata, a garinmu cewa ake igiya ta kuɓuce mini. Mata in na zo wucewa sai su yi shiru. Uwar mai gidana ba ta sake cin abincin da na dafa ba."

"Ina jin ki, Yaya Hawa." Muryata ta fito, ban neme ta ba.

"Ranar maza sun tafi da dabbobi. Ruwa ya ja baya, ya ce zai shiga ya yashe. Mu biyu ne a sama. Muka zura shi. Can sai na ji ƙasa ta yi wani irin nishi, gefen rijiyar ya zube daga ciki. Igiya ta fizge. Na naɗa ta a nan." Ta nuna tabon. "Tana jana, ina tirjewa, har gwiwata ta kai bakin. Ina jin shi yana kirana daga ƙasa. Wallahi ban saki ba."

"Na yarda," in ji Dokta.

"Guntun igiyar yana hannuna aka ɗauke ni. Bakinsa ba a tsinke yake ba. A yanke yake. Sumul."



Na tuna: mu biyu ne a sama, ta ce, ba ta kuma faɗi na biyun ba.

Daga masallacin bakin tasha ladan ya ɗaga murya. Kafin ya kai ƙarshe, aka buga ƙofa sau biyu.

"Hajiya, an kira. Direba ya aiko."

Na dubi Dokta. Fuskarta ba ta canza ba ko kaɗan. Ta matsa ta zauna tsakanin Hawa da ƙofa, kamar dai gyara zama take.

"Hawa, in buɗe, ko in fita in same shi a waje?"

"Buɗe."

Na tashi na buɗe. Malam Jibrin ya shigo da ƙunshin kaya a kafaɗa, Abdulmajid ya tsaya a bakin ƙofa.

"Taso mu tafi, kada a cike..."

Maganar ta tsaya. Idonsa ya sauka kan hannun, kan ƙaramin yatsan da ke tsaye shi kaɗai.

Wata bakwai yana yawo da ita gari gari don hannun nan ya buɗe. Na zaci zai yi kabbara. Sai na ga tsoro a fuskarsa.

"Me ta gaya muku?"

"Abin da Hawa ta faɗa nata ne, Malam Jibrin," in ji Dokta. "Ita za ka tambaya."

Bai dubi Hawa ba. Ita ce ta dube shi.

"Yaya, ba zan bi motar ba."

"Hawa..."

"Na ɗauke maka wata bakwai. Hannuna ya gaji."

Can tasha mota ta yi oda, ta sake yi, mai tsawo.

Ƙunshin ya zame daga kafaɗarsa ya faɗi, kwanon silba ya gangaro har gaban ƙafata. Ya tura ƙofar da baya ta rufe, Abdulmajid ya rage a waje. Sannan ya kai hannun dama kan damtsensa, ya zaro wuƙar daga kube.

Na ƙame. Dokta ba ta motsa ba.

Ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Ya ajiye wuƙar a kan tabarma, ya juya ƙotar ta fuskanci Dokta.

"Da wannan na yanke igiyar," ya ce. "Ɗaya zan iya fitarwa, Hajiya. Ita ko shi."